Ihun da Ya Riga Hoto

"Riƙe tsanin da kyau mana, Mai Kemis! In yaron nan ya faɗo, babu maganin da ke shagonka da zai haɗa shi."

Muryar Rafali ce ta fito da ni daga ɗakin ɗinki, allura maƙale a bakin mayafina. Na same shi zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ɗansa, wanda ke aikin banki a can ɗaya gefen gari, yana saman tsani da sufana yana kwance notocin dish ɗin talabijin. Mai Kemis na ƙasa, ya riƙe tsanin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana wa Rafali bayani da shi.

"Malam, wa ke kallon dish yanzu? Duniya ta wuce nan. Duk wasan da kake so yana cikin intanet, kyauta. Ba ruwanka da biyan wata, ba ruwanka da hadari ya ɗauke maka hoto."

"Baba, ka ji ko? Ba ni kaɗai na faɗa ba," in ji ɗan daga sama.

Na ce, "To me dish ɗin ya yi muku?"

"Tsufa ya yi, Tela," in ji Rafali. "Kin san laifi ne yanzu."

Ya yi dariya da rabin bakinsa, don ɗaya rabin ya daina yi masa biyayya tun bara da ɓarin jikinsa ya shanye. Aka sauko da dish ɗin. Fari ne da ya koma ruwan toka, sai wani koren layi da Rafali ya zagaye bakinsa da fenti da hannunsa, launin rigar ƙungiyar da yake goyon baya. Ɗan ya tsaya yana neman inda zai ajiye shi, Mai Kemis ya ce a bar masa, zai miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, kada ya tare hanya. Har godiya Rafali ya yi masa.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin ɗinkina da falon Rafali, kuma katangar ba ta da sirri. Malamin wasanni ne a makarantar firamare kafin ya yi ritaya, daga nan sunan ya bi shi, daga nan kuma ya zo da usur ɗinsa na ƙarfe da ke rataye a wuyansa kamar laya. Duk Asabar da yamma falonsa ne filin wasan layinmu. Mai Kemis zai rufe shago ya tsallako titi, Direba zai ajiye motarsa, Mai Aski zai bar mutum da rabin kai in ta kama. Da ƙwallo ta shiga raga, kafin kowa ya buɗe baki, Rafali zai busa usur ɗin nan har sai kofunana sun yi ƙara a kan kanta. Shekaru na yi ina buga katangar da gindin almakashi ina cewa wasu na da aikin yi. Ya kan amsa daga can, "Tela, mun ci! Ki yi haƙuri, mun ci!" Ko matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta gaji ta bar shi da halinsa.

Bayan ciwon ma ba su daina zuwa ba. Amma ni mai lura ce, aikina ne ganin inda ɗinki ya fara saki. Na ga yadda kujerun suka riƙa matsawa wajen ƙofa. Falon ya ɗauki warin man shafawa da na ɗakin da ba a cika buɗe taga ba. Rafali ya fara maimaita labari ɗaya sau biyu a zama ɗaya, shayi na zubo masa ta gefen baki, kuma in fitsari ya kama shi tsakiyar wasa dole wani ya tashi ya kama masa hannu zuwa banɗaki. Direba ne ya fi yi, yana yi yana waiwayen talabijin.

Asabar ta farko bayan sauke dish, ɗan ya zo ya jona wani ɗan abu kamar ƙaramar ashana a bayan talabijin, ya nuna wa uban inda zai danna, ya ce yana da taro ya tafi. Ina jin su ta katanga. Da farko ana ta yabo, wai hoton har ciyawar fili ana ƙirgawa. Can sai na ji Mai Aski ya ce, "Kai, ya tsaya." Wani ɗan zobe ne ke fitowa a tsakiyar hoton yana ta juyawa, 'yan wasa su daskare da ƙafa a sama. Ana cikin jiran zoben sai ihu ya tashi daga shagon shayi na ƙarshen layi, inda matasa ke kallo. An ci. A falon Rafali kuwa ƙwallon tana tsakiyar fili. Sai da suka zauna suna kallon abin da suka riga suka sani yana tahowa a hankali, sannan ta shiga. Rafali ya busa usur, shi kaɗai. Ba wanda ya taya shi ihu.

"Wannan ai kallon jiya muke yi," in ji Direba.

Mutumin da ya yi shekaru shi ke fara sanar da layi an ci, ya koma shi ne na ƙarshen ji. Ya kira ɗansa, ɗan ya ce sabis ne, zai gyaru. Bai gyaru ba. Wani lokacin shafin ma rufewa yake, sai tallan magungunan ƙarin ƙiba ya cika fuskar talabijin, Rafali na ta danna rimot da hannunsa mai lafiya yana tsaki.

Daga nan uzuri ya fara yawa. Direba ya samu masu hayar mota duk Asabar. Mai Aski ya ce kasuwa ta buɗe masa, ba ya iya barin shago. Mai Kemis ya ce ranar ce ake kawo masa kaya, dole ya tsaya ya duba. Sukan leƙo da safe, su tsaya a bakin ƙofa.

"Ya jiki, Malam? Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi yau ma ba zan samu zama ba."

"Ba komai, neman halal ai ya fi ƙwallo," Rafali zai ce.

Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawo min shiru, da shirun ya zo sai ya hana ni aiki. Sabo turken wawa. Wata Asabar na kwashi rigunan da ke jiran ɗinkin hannu na shiga falon, na zauna a kujerar Mai Aski.

"Lafiya, Tela?"

"Fitilar ɗakina ce ba ta da haske. Kada ka ɗauka ƙwallonka na zo kallo."

Haka na fara. Ya koya min dokar satar gida ta ƙwallo har ya gaji ban gane ba, na ce masa a ganina duk wanda ya shiga gidan mutane da gudu ɓarawo ne, a kore shi kawai. Na tambaye shi dalilin da ƙattin maza za su riƙa rungumar juna don abu mai kama da kabewa ya shiga raga. Ya yi dariya har sai da na miƙa masa tsumma ya goge baki. Amma duk Asabar, kafin a take wasa, sai ya sa na jera kujeru ukun nan, na dafa shayi a babbar buta, na fito da kofuna.

"Ko wani zai gama da wuri," yake cewa.

Ranar da abin ya faru, wasan ƙarshe ne na cin kofi, kuma masu koren riga ne a ciki. Rafali ya sa an yi masa wanka tun da rana, ya sa tsohuwar rigarsa ta koren launi. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya sa wayar a sifika don hannunsa ba ya riƙe ta da kyau, saboda haka da kunnena na ji. Direba ya ce yana kan hanya, ya yi nisa da gari, ba zai dawo ba sai gobe. Mai Aski ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi. Mai Kemis ya ce yana wajen dilan magunguna, amma zuciyarsa na tare da shi.

Ana zafi ranar, na buɗe tagar da ke kallon titi. Gidan Mai Kemis na daidai da ita, shago a ƙasa, falo a saman bene. An dawo daga hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Wani ɗan koren riga ya karɓi ƙwallo a gefe ya fara gudu, Rafali ya sa usur a baki, sai zoben nan ya fito. Komai ya tsaya. Falon ya yi tsit, har ina jin ƙarar agogon bango.

Cikin wannan shirun ihu ya faɗo mana daga saman benen.

Ba ihun matasan shagon shayi ba ne, nasu ya biyo baya daga nesa. Wannan na kusa ne, na mutum uku, kuma ba wanda ya kai mu sanin muryoyin. Rafali ya cire usur daga bakinsa a hankali.

"Wannan Direba ne," ya ce. "Mai nisa da gari."

Ya sake kasa kunne.

"Ga Mai Aski nan, shi ke cewa 'na faɗa muku, na faɗa muku.' Zazzaɓin ya sauka ke nan." Ya ɗan karkata kai. "Mai tafin nan kuma Mai Kemis ne. Shi ba ya ihu sai ya tafa."

Zoben ya ɓace. Ɗan koren rigar ya ci gaba da gudunsa, ya yanke mutum biyu, ya buga, ƙwallo ta shiga. Rafali na kallo, usur ɗin na kwance a ƙirjinsa, bai taɓa shi ba.

Ban san lokacin da na ajiye ɗinkin ba. Na tsallaka titi da silifas, na bi ta gefen shagon na hau matakalar. Ƙofar falon a buɗe take. Ga su nan su uku a kan kujeru masu laushi, fanka na juyawa, ga faranti da kofuna, ga hoto tar a bango ba zobe ba komai. Ta ƙofar baranda ta baya, inda ba a gani daga titi, na hango dish an ɗaure shi a jikin ƙarfe. Koren layin na nan a bakinsa.

"Sannunku da aiki," na ce. "Direba, barka da hanya. Mai Aski, ya jiki? Mai Kemis, ashe kai ne mai sayen tsofaffin ƙarafan."

Mai Aski ya sunkuyar da kai. Direba ya fara neman takalminsa. Mai Kemis ne ya iya magana.

"Hajiya, ki tsaya ki ji. Ba yadda kike zato ba ne. Na ga dish ɗin da sauran amfani, na ce bari a gwada. Kuma ke ma kin san ba zai iya hawo benen nan ba."

"Shi ba zai iya hawowa ba. Ku fa, saukowa ce ta gagare ku?"

"Ba haka ba ne," in ji Direba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wallahi ganinsa haka ne ba ma iyawa. Mutumin da muka sani yana tsalle... Ka zo kallon ƙwallo, ka koma gida zuciyarka a jagule."

"To ku faɗa masa haka mana. Ku ce Malam, warin ɗakinka ya ishe mu, kai ka banɗaki ya ishe mu. Da ya ji zafi ya warke. Amma ku zuga ɗansa ya sauke dish, kai ka riƙe tsanin, har ya yi maka godiya? Shayinku na can yana hucewa. Duk Asabar sai an dafa."

Talabijin na ta maimaita ƙwallon da aka ci, daga gaba, daga baya, daga sama. Na juya na sauko, kuma a matakalar ne ƙwalla ta zo min, ta takaici, don da na samu abin jifa a hannuna da na yi.

Na tarar ya kashe talabijin. Yana zaune yana kallon kujerun.

"Dish ɗina ne a can?"

"Naka ne. Da fentinsa."

"Hoton na fita?"

"Yana fita."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗago ya dube ni. "Tela, zan tambaye ki abu, kada ke ma ki yi min ƙarya. Kujeru nawa suka jera?"

Na so in ce huɗu. Wallahi na so. Amma mutumin nan ya sha ƙarya ta ishe shi.

"Uku, Malam."

"To," ya ce. "Kwashe kofunan nan."

Washegari da safe suka zo su uku, Direba da Mai Aski na ɗauke da dish ɗin, Mai Kemis na gaba da ledar lemo. Na tsaya a ƙofata ina kallo, ban ɓoye ba. Rafali ya karɓe su da fara'ar da ake wa baƙin da ba a sani ba. Ya tambayi iyalansu ɗaya bayan ɗaya. Da Mai Kemis ya fara, "Malam, mun yi kuskure," sai ya ɗaga hannu.

"Wane kuskure? Mutum ya kalli ƙwallo inda ya ga dama. Allah ya saka da alheri, kun kyauta da kuka leƙo."

"Bari mu mayar maka da shi yanzu, ga tsani a mota," in ji Direba.

"A'a, ku bar shi. Wa ke kallon dish yanzu? Duniya ta wuce nan."

Mai Kemis ya ji maganarsa ta dawo masa, ya rasa inda zai sa idonsa. Suka jingina dish ɗin a tsakar gida suka fita. Iska ta kwantar da shi a ranar, ya zauna a buɗe yana kallon sama. Ɗan ma ya zo da ya ji labari, ya durƙusa yana cewa shi sauƙi ya nema wa uban, bai san abin da ke ƙasa ba. Rafali ya shafa kansa ya ce ya sani. Amma bai yarda a ɗaura dish ɗin ba, kuma da abokan suka zo Asabar ta gaba suka tsaya a ƙofa, ya sa na ce musu yana hutawa.

Daga nan jikin ya fara ja da baya. Ba wani sabon ciwo likita ya gano ba. Abinci ne ya rage, magana ta rage, in na shiga sai in same shi yana kallon tagar nan da ya hana a sake buɗewa. Wasa yakan kunna, mu zauna ni da shi, amma usur ya daina. Ko masu koren riga sun ci, sai ya ce "to" kawai. Saman benen ma ya yi shiru, ban sani ba ko sun daina kallon ne ko sun koyi ihu a ciki. Ban tambaya ba, don na daina sayen ko maganin ciwon kai a shagon.

Asabar ta ƙarshe, sabuwar kakar wasa ta fara, ni kuma aiki ya taru min, kayan 'yan makaranta da za a karɓa washegari. Na shiga da rana na kunna masa talabijin, na nemo masa shafin, na kore tallan, na ajiye masa ruwa kusa da hannunsa mai lafiya. Na ga ya ɗan washe ranar. Har ya ce gashina ya fara furfura, na ce ai kallon ƙwallonsa ne ya jawo.

"Je ki yi aikinki, Tela. In mun ci zan busa miki."

"Ka busa min? Ni da na yi shekaru ina roƙon ka bari?"

"Ai shi ya sa. Ke kaɗai ce ba ki taɓa cewa yana miki daɗi ba."

Na koma ɗakina na hau keken ɗinki. Ina cikin ɗinke wani wando, rana ta fara sanyi, sai ihu ya tashi daga shagon shayi, irin wanda ba ka bukatar tambaya, har da buga benci. Wani ya wuce a guje yana kiran sunan masu koren riga. Na ɗage ƙafata daga keken. Na san lissafin zuwa yanzu: ihun titi tukuna, sai ɗan jira, sannan ƙwallon ta iso falon Rafali. Na zauna da murmushi, gindin almakashi a hannuna, a shirye nake in buga katangar in ce wasu na da aikin yi.

Na jira. Ihun titi ya lafa. Na ce zoben ne ya riƙe shi. Na ƙara jira, har na ji muryar mai sharhi ta katanga ta ɗaga, tana ta jan kalmar nan da suke ja in an ci. Ƙwallon ta iso.

Usur bai zo ba.

Na same shi a kujerarsa, kansa ya ɗan karkata gefen taga. Usur ɗin na cikin tafin hannunsa, ya ɗago shi har kusa da haɓa. A talabijin 'yan koren riga na ta rungumar juna. Na kira shi, "Malam," na sake kira, sannan na zauna a kujerar kusa da shi na riƙe hannun, da sauran ɗuminsa.

Su ukun ne a gaba wajen ɗaukar gawarsa, kuma Mai Kemis ya fi kowa kuka. Mutane na ta cewa Allah sarki, abokan zamansa ne, ba su taɓa rabuwa ba. Na ja mayafina na rufe bakina, don in na buɗe shi ba za a ji da daɗi ba. Ɗan ya kwashe kaya ya rufe gidan. Ya ce in zaɓi abin da nake so, na ɗauki usur ɗin na rataye shi a ƙusar da nake rataye tef ɗin awo. Dish ɗin ba wanda ya ɗauka, yana nan kwance a tsakar gidan, ina hango shi ta saman katanga. Ruwan sama ya taru a cikinsa, tsuntsaye na sauka a kan koren layin suna sha.

Har yanzu, in Asabar ta yi aka yi ihu a ƙarshen layi, ƙafata kan sauka daga keken da kanta. Sai in zauna, zare a hannu, in ba ƙwallon lokaci ta iso.